Kaka a Kan Injin Auna Ƙashi

"...Sannu da hutawa, amaryata. Yaya hannun?"

"Hannu ya warke. Ganin ka ne ke tayar min da ciwon."

Jikan Kaka ne, tela, ya rufe shago ya biyo ta asibiti. Tun da ta zame a bakin famfo ta karye a wuyan hannu, likita ya ce faɗuwar ba ta kai ta karya mutum ba, sai an yi mata hoton da ke auna ƙarfin ƙashi. Kaka ba ta gaya wa kowa ba, amma fargabarta ɗaya ce: kada a ce ta bar ɗakinta ta koma zaman jinya gidan 'ya'ya.

"Na ji an auna tsayinki an ce kin ragu," in ji shi. "Ni fa doguwa na aura. Ina sauran?"

"Goyon wannan ƙaton kan naka ne ya danne ni."

"Yanzu injin zai leƙa ƙugunki da bayanki. Allah sa kada ya tarar gara ta gama da ciki."

"Da kai aka ɗora, cewa zai yi shi ba ya auna tsinken tsintsiya."

"Har allura za a yi miki fa, tsawon hannuna ce."

Kaka ta damƙe bakin mayafinta. Ya lura.

"Ƙarya nake, tsohuwa. Kwanciya kawai za ki yi, injin ya wuce ta samanki. Ko sauro ya fi shi ciwo."

"Wa ya ce maka tsoro nake ji? Gyangyaɗi nake."

Bayan an gama, likita ya nuna musu hoton. Ƙashin ƙugu ya yi rauni, amma da magani, da shan madara, da 'yar tafiya a hantsi kullum, za ta ci gaba da harkokinta a ɗakinta. Zaman wuri ɗaya ne, in ji shi, ke ƙara lalata ƙashi. Kaka ta ji wani sanyi har cikin ranta.

"Likita, ka ce zaman wuri ɗaya? To ga wani nan, keken ɗinki ya haifa masa saiwa a kujera. A ɗora min shi kafin ya ruguje ya bar ni da takaba."

Tela ya ƙyalƙyale da dariya, ya ɗaga hannu biyu.

"Na sallama! Gobe da hantsi ina ƙofarki, da madarar a hannu."

"Ka zo da wuri. Ba na jiran tsofaffi a hanya."