Yadda Ake Hawan Mont Blanc Don Burge Suruki

Kai saurayi mai neman aure, bi matakan nan, na lamunce maka surukinka ba zai manta da sunanka ba. An gwada su a kan Sufyan, maƙwabcina a Vénissieux, gefen birnin Lyon, mai jidar kaya a sito. Zouera yake so, ƴar Alhaji Mai Moussa na unguwar La Goutte d'Or a Paris, dattijon da ya rantse ba zai ba da ƴarsa ga yaran da aka haifa a Faransa ba, don ko bene ba sa hawa sai da asansar, na'urar da ke kai mutum sama.

1. Zaɓi dutsenka

Kada ka yi ƙaramin buri. Ranar da gari ya washe ana hango Mont Blanc daga tudun Fourvière a Lyon. Je ka ƙare masa kallo. Abin da ido ya gani, baki na da ikon ba da labarinsa.

2. Haddace hanya

Mahaya na gaske kan shiga jirgin ƙasa zuwa Saint-Gervais, su hau ƙaramin jirgin tiram har ƙarshen layi, su ratsa wani kwazazzabo da duwatsu ke gangarowa a ciki, su kwana a bukkar da ake kama wuri tun watanni kafin a je. Kai haddacewa kawai za ka yi. Na karanta littattafan mahayan nan. Da yawansu sanyi ya cinye musu yatsu, ni kuwa nawa suna nan cif.

3. Nemi shaida

Ari jaket mai kauri. Sufyan ya shiga ɗakin sanyi na sitonsu, ya jira ƙanƙara ta kama gemunsa, aka ɗauki fuskar kaɗai. Marigayiya matata kan ce hoto ba ya ƙarya. Allah ya jiƙanta, ba ta san Sufyan ba.

4. Gaban suruki

Hau jirgin Paris, durƙusa, yi doguwar gaisuwa, miƙa hoto, sannan ka ja bakinka. Nan Sufyan ya zame. Alhaji ya ce, "Yaro, kai kaɗai ka hau?"

"A'a, Baba, da jagora, wata Bafaranshiya. A can ba a tafiya sai an ɗaura igiya, aka ɗaura mana."

Alhaji ya ajiye kofin shayi. A kunnen Bahaushe, igiyar da ke haɗa namiji da mace ɗaya ce, ta aure.

"Wa ya ɗaura?"

"Ita da kanta."

"Ba waliyyi?"

"Baba, can sama ai ba kowa."

"Yanzu tana ina?"

"Da muka sauko na kwance, kowa ya kama gabansa."

Hajiya Salamatou, uwar yarinya, ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Innalillahi! Daga sauka sai saki? Kai ɗan nan, igiya nawa ta rage?"

"Ai dama ɗaya ce, Inna."

5. Saukowa

Masana sun ce an fi halaka a saukowa. Hanya biyu ta rage wa Sufyan: ya zama mai sakin mata, ko ya zama maƙaryaci. Ya hango Zouera a bayan labule tana cizon mayafi. Sai ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya, tun daga aron jaket har ɗakin da ake ajiye daskararrun kaji.

Alhaji ya ɗauki kofin shayinsa ya kurɓa.

"Wato ba dutse, ba Bafaranshiya, sai kaji?"

"Sai kaji, Baba."

"Alhamdulillahi. Maƙaryata muna da su a dangi, mun san yadda ake zama da su. Turo magabatanka."

Tsame hannu

Wanda ya bi matakan nan ya faɗa rami, ko ya faɗa aure, kada ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ban aike shi ba. Ni dai igiyata tana hannuna har yau, ɗaya bakin ne ba kowa.