Ranar da Injin Masara Ya Tantance Sanƙona

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da baƙi suka zo daga Abuja duba masana'antarmu ba. Wai zagaya ƙasa ake yi a ga ko mun shirya wa zamanin injuna masu aiki da kwamfuta. Mu kuwa a Funtuwa ga mu da sabon injin tantance masara: hatsi na wucewa a kan bel, kyamara na kallo, mai kyau ya zarce buhu, marar kyau a hure shi gefe, duk ana gani a wani ƙaton allo.

Ni aka tura Kaduna koyon sarrafa shi. Na dawo ko gaisuwa aka yi mini sai na sako “juyin juya halin masana'antu”. Har cewa na yi injinmu ba zai yi mana Turanci ba. Na naɗa masa muryata, duk abin da ya gani ba masara mai kyau ba sai ya kwarma ihu: “Ruɓaɓɓe ne, a jefar!”

To, akwai wani sirri. Tun ina saurayi gashina ya fara ƙaura, har tsakiyar kaina ta koma kamar sabon faranti. Ba wanda ya taɓa ganina ba hula (ko a masallaci sai na faki ido nake shafar kai). Ranar kuwa an gayyato manyan manoma, cikinsu har da Alhaji na Bakori, wanda nake neman auren 'yarsa Zainab.

Na kafa hula, na riƙe wayar sarrafa inji, na yi ta zuba. Shugabar baƙin, wata Hajiya mai tabarau, ta ce, “Malam, a ganinka ƙasar nan ta shirya?”

“Ranki ya daɗe, mun shirya tsaf. Injin nan ko ƙuda ba ya wuce shi.”

Na sunkuya in nuna mata inda kyamarar take. Iskar injin ta fizge hular, bel ya yi gaba da ita. Kafin in ɗago, kaina ya cika allon nan, yana sheƙi, an zagaye shi da jan layi. Sai muryata ta cika ɗakin:

“Ruɓaɓɓe ne, a jefar!”

Na danna wurin tsayarwa a waya. Sabis ya ɗauke, wani ɗan zobe kawai ke juyawa. Na sake leƙawa neman hula, injin ya sake ganina. “Ruɓaɓɓe ne, a jefar!” Manajanmu ya tusa fuska cikin babbar riga, kafaɗunsa na rawa. Hajiya ta cire tabarau tana share hawaye. Manoman Malumfashi kam ba su ɓoye ba, wani har da riƙe ciki.

Kun san abin da ya cece ni? Wuta aka ɗauke. Allo ya mutu, injin ya yi tsit.

Hajiya ta ce, “Ashe ɗauke wuta ma yana da rana.”

Da aka watse na je na durƙusa gaban Alhaji, tafin hannuna a ka. Ya dube ni ya ce, “Tashi, ɗana. Masara ma ba gemunta ake ci ba. Amma ka rage cika baki, ya fi sanƙon muni.”

Auren dai an ɗaura. Sai dai har yau in na ɓata wa Zainab rai ba ta faɗa, murya kawai take maƙalewa ta ce, “A jefar!”

Ko ƙasa ta shirya, wannan sai ku tambayi Abuja. Ni abin da na koya shi ne, kafin ka ce za ka shirya ƙasa, ka fara shirya kanka.