Rasuwar Hajiya Dek, Wadda Ta Tafi Da Faifan Ƙarshe A Cikinta

Da zukata cike taf da baƙin ciki, da idanun da kumburinsu bai sace ba har yanzu, iyalan gidan Bawah na Ayigya Zango suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da masu leƙe ta taga, rasuwar Hajiya Dek, na'urar kallon faifai ta Malama Rashidatu mai ɗinki. Ta cika ranar Asabar da ta wuce, da rana tsaka, a kan wani tebur mai baƙin mai a Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, bayan gajeriyar jinya da wuƙar yankan albasa ta jawo mata.

Ba wanda ya san ainihin shekarun marigayiya. Ta ƙetaro teku ne a cikin kwantena, tsakanin tsofaffin firij da dutsen guga, kuma saboda wannan tafiya aka laƙaba mata Hajiya, ko da yake ba ta taɓa taka Makka ba. Mahaifin Rashidatu, Allah Ya ji ƙansa, shi ya sayo ta don a riƙa kallon wa'azi a gida. Ta yi wa'azin kuwa, tsakani da Allah, har ranar da Rashidatu da ƙanwarta Nasira suka dawo daga kasuwar Kejetia da wata baƙar leda cike da faifan katun ɗin Japan. Daga ranar Hajiya ta canza sana'a.

Mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Ba ta taɓa neman a saya mata data ba. Idan aka kunna ta sai ta yi gyaran murya irin na tsofaffi, "Kirrr… kirrr… ƙas!" Wani lokaci ta yi shiru kamar ta yi fushi, sai an ɗan mare ta a gefen hagu, kana ta ce "tsiiit," hoto ya fito. Ba ta taɓa kai ƙarar marin nan wurin kowa ba.

Dole mu yi bayanin aikin da ta yi wa gidan nan, domin akwai masu cewa zane ne kawai na yara. To, masu ilmi, ku saurara. Ainihin sunan shirin an rubuta shi da wasu baƙaƙe masu kama da sawun kaji, don haka 'yan matan suka raɗa masa 'Yan Matan Lema. Labarin wasu yara mata ne biyu da ke wanke kwanuka a shagon taliya, ɗaya mai jar lema, ɗaya mai shuɗiya. Akwai wani dodo da ke shigowa gari tare da hadari, duk wanda ruwansa ya taɓa sai ya manta da mutanensa, uwa ta wuce ɗanta a kasuwa ko kallo. Sai yaran nan su yar da soso, su buɗe lema, su yi ta juyi a sama: takalmi ya zo, riga ta zo, wani ƙaton ƙulli ya ɗauru a baya. Dodon kuwa yana tsaye yana jira har su gama ado, bai taɓa cewa su yi sauri ba. Duk namijin da ya taɓa jiran matarsa ta ɗaura ɗankwali ranar biki ya san dodon nan ba ƙaramin mai haƙuri ba ne.

Amma ba adon ne ya kama Rashidatu ba. Abin da ya kama ta shi ne, ba wani saurayi da ke zuwa ceto. Su biyu ne, su sha duka, su faɗi, ɗaya ta ɗaga ɗaya, gobe da safe kuma su koma kan kwanukansu ba wanda ya ce musu sannu. Wace 'yar Zango ce ba ta san wannan rayuwa ba? Rashidatu ta sayi jar lema, Nasira ta sayi shuɗiya. Ruwan Kumasi kuwa ba ya rowa, sun yi yaƙi da dodanni da yawa tsakanin gida da famfo, sun sha bulalar uwarsu a kan jiƙa kayan makaranta. Kuma rigunan Sallah masu ƙaton ƙulli a baya, waɗanda matan Ayigya ke layi a shagon Rashidatu a ɗinka wa 'ya'yansu, daga ina kuke tsammani ta samo su? Daga bakin marigayiya. Ku zo ku karɓi ɗinki da safe, ku zage ta da yamma, wai uwar mata tana kallon 'yar tsana. Allah Ya saka muku da alheri.

Faifai bayan faifai suka bi labarin har ya zo gangara. Ruwan dodo ya taɓa mai shuɗiyar lema. Ta kalli 'yar'uwarta ido cikin ido, ta tambaye ta wace ce ita. A nan faifan ya ƙare. Na ƙarshe ya yi wuyar samu, bai shigo hannunsu ba sai ranar da Nasira za ta tafi aikatau ƙasar Larabawa. Jakar tafiyarta na bakin ƙofa, suka zura shi cikin Hajiya a gurguje. Waƙar buɗewa ta fara, "Tin-tin-tirin, tin-tin-taaa," sai wuta ta ɗauke. Motar Accra kuma ba ta jiran katun.

"Yaya, bar shi a ciki," in ji Nasira, tana share ido da bakin mayafi. "Kada ki kalla sai na dawo. Ki rantse."

Rashidatu ta rantse. Nasira ta jingine shuɗiyar lemarta a bayan ƙofa, ta ce can ba a ruwa, ta fita.

Tun daga ranar marigayiya ta ɗauki cikin da ba ta sauke ba har ta cika. Kwantiragin shekara biyu ya haifi wani, wancan ma ya haifi wani. Rashidatu ta yi aure, aka kai kwanuka da katifa a mota, ita kuwa amarya ta rungume Hajiya a cinya, a kwance, don kada faifan ya goce, lemomi biyu a hammata. Dangin ango har yau ba su gama maganar ba. Kowace Juma'a bayan la'asar sai ta cire ɗan mayafin da ta ɗinka mata, ta goge ƙura, ta kunna. "Kirrr… ƙas! Tin-tin-tirin, tin-tin-taaa." Ta saurari waƙar har ƙarshe, daidai inda labari zai fara sai ta kashe, ta mayar da mayafi. Mijinta Bawah ya yi magana har bakinsa ya gaji.

"Rashida, abin nan fa yana cikin waya. Kafin shayi ya huce kin ga ƙarshensa, kowa ya huta."

"Ka sha shayinka," ita ce amsar da yake samu.

Yanzu sai mu zo kan ciwon ajali. Maƙwabciyarmu Mma Adizatu tana wankan amarya na jikarta Farhana, sai sha'awa ta kama ta ta nuna wa baƙi faifan bikin uwar amarya. Aka bincika Zango kaf, kowa ya waye, ba mai dek sai Rashidatu marar wayewa. Ita kuma ta tafi Kejetia sayen zare. Bawah, mutumin kirki, mai kyauta da kayan da ba nasa ba, ya ɗauki Hajiya ya miƙa da hannu biyu. Bakin da ya yi shekara da shekaru a rufe kan amana ya ƙi buɗewa. Aka danna, aka mara ta dama, aka mara ta hagu, ta ce "kirrr," ta riƙe. Ko a nan ya isa mai hankali ya gane cewa baiwar Allah tana cewa a'a. Amma Mma Adizatu ba ta saba a ce mata a'a ba.

"Bakinshi ne ya ƙi buɗewa," ta gaya wa Rashidatu daga baya, ko kunya babu. "Na ɗan taimake shi da wuƙa. Da ya ƙi, na sa mashi man kaɗe. 'Yata, ai ko ƙofa da mai ake lallashinta."

Rashidatu ta karɓi abarta. Ta naɗe Hajiya a zane, man kaɗe na ɗiga, ta shiga trotro, motar haya, zuwa Suame. A can aka haɗa ta da Mutala, ƙwararren likitan wutar mota, wanda ya duba marar lafiya ya ce kada ta damu, duk abin da ke da waya a ciki ƙanin mota ne. Ya kwance ta da sukudireban da ya gama kwance wata tipa. Ya jona wuta. Marigayiya ta yi ƙoƙari, wallahi ta yi. Ta ce "Tin… tin… ti…" sai wani siririn hayaƙi ya fito mata ta baya, mai ƙamshin suya. Mutala ya cire hula. Da aka fito da abin da ke cikinta, ya zo gida biyu, wuƙar Mma Adizatu ta raba shi tsaf kamar an yanka ƙosai.

A nan teburin Rashidatu ta ɗauki hoton ɓari biyun ta tura wa Nasira, ba ta rubuta komai ba, don me za a rubuta? Amsa ta zo washegari, saƙon murya. Ana jin ƙarar kwanuka a bayanta, da kukan ɗan wasu.

"Yaya, sannu da aiki. Na ga hoto. Wane faifai ne wannan? Madam na kira, sai anjima."

Ta saurara, ta sake saurara, ko akwai dariya a ƙarshen maganar da kunnenta bai kama ba. Babu. Muryar mai gajiya ce kawai. Kuma kada wani ya kawo mana zagin Nasira a zaman makokin nan, za mu kore shi. Kwanon da ke kan ɗakin uwarsu, da hannun yarinyar nan aka rufa shi, tana wanke kwanukan mutane tun asuba a garin da ba wanda ya san sunan ubanta. Wanda ya yi wannan aiki shekara da shekaru ba ya rasa abin da zai zube masa a hanya. Sai dai gaskiya ɗaya ce, kuma za mu faɗe ta: Rashidatu ba ta yi kuka a Suame ba. A kan saƙon nan ta yi, ta kifa kai a kan keken ɗinki, ta yi mai isarta.

Marigayiya ta bar rimot guda ɗaya wanda aka ɗaure bayansa da roba, da wayoyi uku, ja da fari da rawaya, waɗanda ba su taɓa rabuwa ba. Ta bar tsohuwar talabijin, abokiyar zamanta, wadda tun ranar take nuna shuɗin fili kawai. Ta bar jikoki masu ƙulli a baya, ba su ƙirguwa, daga Ayigya har Anloga. Ta bar Bawah, wanda ke cin abincin waje tun Asabar, muna roƙa masa sauƙi. Ta kuma bar Malama Rashidatu, wadda ta riƙe rantsuwar mutum biyu ita kaɗai ba ta sani ba.

Ga tsarin jana'iza. Liman ya ce ba zai yi mata sallah ba, kuma ya roƙi a daina aiko masa da saƙo. Saboda haka 'yan kondem, masu sayen tsohon ƙarfe, su za su ɗauki gawa ranar Juma'a bayan la'asar, daga ƙofar shagon Rashidatu. Mai zuwa gaisuwa ya zo da kujerarsa. Za a raba koko da ƙosai. An yafe wa Mma Adizatu wahalar zuwa, idan kuma ta nace, a caje ta a bakin ƙofa. Mutala zai karɓi wayoyi ukun, Bawah ya gaji rimot, ya je ya yi ta dannawa.

Bayan an ɗauke gawa, Rashidatu za ta karɓi wayar mijinta, ta shiga ɗaki, ta rufe ƙofa, ta kalli ƙarshen labarin ita kaɗai, ta ga ko mai shuɗiyar lema ta tuna da 'yar'uwarta. Duk wanda ya riga ya san ƙarshen, ya kama bakinsa, ko da wasa. Kada a buga mata ƙofa, kada a aiko karɓar ɗinki.

Sanarwa ta ƙarshe ga masu jiran rabon gado, don mun ji har an fara tambaya tunda damina ta kusa: shuɗiyar lemar ba ta cikin kayan mamaciya. Tana da mai ita. Tana nan jingine a bayan ƙofa, kuma Rashidatu ta ce ko me ta gani ranar Juma'a, a nan za ta zauna.