Nomau da Tutar Rafin Ɗinya

A bayan sakatariyar Ƙaramar Hukumar Rafin Ɗinya akwai wani ɗaki mai rufin kwano, nan Nomau ke zaune da tsohuwarsa, Inna Kande. Ubansa, Malam Cindo masinja, shekara talatin yana ɗaga tutar hukuma da safe, yana sauke ta da yamma. Da ya rasu aka miƙa wa Nomau igiyar, aka ce gwaji ne: in ya iya, su ci gaba da zama a ɗakin, in ya kasa, su kwashe kayansu. Shi kuwa tun ranar jana'iza bai ƙara iya zama wuri ɗaya ba.

Wata rana Sakatare ya ce, "Kai Nomau, kada ka bari ruwa ya taɓa tutar nan." Hadari na haɗuwa sai ga Nomau can ƙolin sanda, ya maƙale da ƙafafu, riƙe da laimar Inna. Iska ta tafi da laima, tuta ta jiƙe sharkaf, shi kuma sai da aka aro tsani.

Wata rana kuma Sakatare ya nuna masa tambarin da ke bakin ƙofa, damin gero da kifi a ƙarƙashinsa. "Arzikinmu ke nan. Ka kula da shi kamar gonar ubanka." Nomau ya wuni yana kaɗa gwangwani, yana korar tsuntsaye daga geron. Ya dubi kifin ya gan shi a bushe, tausayi ya kama shi, ya yi ta kwara masa ruwa har fenti ya zuba, wutsiya ta ɓace.

"Saura kuskure ɗaya," in ji Sakatare. Inna ta fara zuba tukwane a buhu.

Wata rana ana shirin tarbar Kwamishina, Sakatare ya maimaita masa ƙa'ida: "Kullum tuta can sama. Sai in wanda ya daɗe yana yi wa hukuma hidima ya rasu, a sauke ta rabin sanda." Nomau ya yi ta murza igiyar daidai inda hannun ubansa ya sa ta yi santsi.

Motoci na shigowa, tuta na tsakiyar sanda. Kwamishina ya fito, ya ɗaga kai.

"Wa aka rasa?"

Ciyaman ya dubi Sakatare, Sakatare ya dubi ƙasa.

"Babana ne, ranka ya daɗe," in ji Nomau. "Shekara talatin yana jan igiyar nan. Yau kwanansa arba'in, ba a sauke masa ba. Na ce ƙila mantawa aka yi."

Kwamishina ya daɗe yana kallon tutar, sannan ya ɗaga hannu don addu'a, kowa ya ɗaga. Da aka shafa ya ce, "Ciyaman, duk yawona ban ga inda ake tuna masinja ba sai nan."

"Ai mu haka muke, ranka ya daɗe."

Da yamma Sakatare ya wuce, bai ko dubi Nomau ba. "Gobe ka mai da ita sama."

Inna ta ji kalmar gobe, ta kwance bakin buhu. Nomau ya naɗe tutar yadda ubansa ke naɗewa, ya zauna a gindin sandar.