Shafi na Ɗari Biyu da Sha Biyu

Garin Wrexcombe ya yi dace da abubuwa biyu: teku a gabansa, da Mista Crispin Hallowby a tsakiyarsa. Tekun ma, in ka tambayi Mista Hallowby, bai kai shi zurfi ba. Shekara talatin da takwas bawan Allahn nan yana shugabancin laburaren garin, kuma ba a taɓa kama shi da laifin karanta littafi daga farko har ƙarshe ba. Gwani ba ya ɓata lokaci. Ta baya yake buɗe littafi, wajen jerin sunayen mutanen da aka ambata, ya bi da yatsa har inda nasa ya kamata ya zauna. In babu, sai ya rufe, ya ce marubucin bai yi bincike ba.

Malam A-Yi-Shiru ake ce masa a bayan ido, don da yatsa ɗaya a kan leɓe ya mulki garin. Ko da ya yi ritaya bai ajiye yatsan ba, gida ya kai wa matarsa Maud.

To, a bana aka gina wa laburaren sabon ɗakin karatu, majalisar gari kuma za ta raɗa masa suna ƙarshen wata. Mista Hallowby ya daina barci. Sau biyu ana ganinsa yana auna bangon saman ƙofar da lemarsa.

"Ni ba na neman komai," in ji shi ga duk wanda ya tare a layin gidan waya. "Amma gari in bai girmama fitilarsa ba, duhu ya zaɓa. Ba don kaina nake faɗa ba, don 'yan baya."

Ana cikin haka sai ga sababbin littattafai uku da za a gabatar a taron shan shayi na laburaren, wanda shi ne shugabansa na dindindin, tunda ba a taɓa samun mai ƙarfin halin tsige shi ba. Ɗaya kan kiwon zuma, ɗaya na waƙoƙin barkwanci, na ukun kuwa tarihin maza masu son maza ne a garuruwan gaɓar teku, wata Dakta Bronwen Tighe ta rubuta. Ya duba bayan na zuma, babu shi. Na waƙoƙin ko jerin sunaye ba shi da shi, abin kunya. Ya buɗe na ukun, yatsa ya gangara, ya tsaya cak.

Hallowby, Crispin, shafi na ɗari biyu da sha biyu.

Wayyo daɗi! Nan take ya tuna, ko kuwa ya ƙirƙiro, oho, cewa shi tun yana saurayi gatan waɗannan mutane ne. Ya aika wa kowane ɗan majalisa kwafi, da jan zare a daidai shafin. Amma shi kansa ya ƙi karantawa. Dabara ce: so yake ya fara jin yabon a gaban jama'a, don mamakin da zai bayyana a fuskarsa ya zama na gaske. Hawayen dai ya ɗan gwada su a madubi, saboda tsaro.

Maud ta karanta. Da safe tana shafa wa burodi man shanu ta ce, "Crispin, shafin nan fa, da ka ɗan leƙa shi kafin..."

Yatsa ya hau leɓe. "Maud, kada ki ɓata mini. Mutum sau ɗaya yake shiga tarihi."

Ta dube shi, ta dubi shekara arba'in da biyar na yatsan nan, ta ci gaba da shafa man shanunta.

Ranar Asabar da la'asar zauren ya cika, har da Magajiyar Gari da sarƙar muƙaminta a wuya. Mista Hallowby ya ba mai littafin zuma minti huɗu, ya katse shi tun ƙudan ba su fita daga amya ba. Mawaƙin barkwanci ya karanta baiti biyu, mutane suka fara dariya, aka ɗaga musu yatsa. Laburare ne nan, ba mashaya ba.

Sannan ya gyara ɗan ƙullin laktayen wuyansa.

"Jama'a, tawali'u ya hana ni magana a kan littafi na gaba. An ce wai an ambaci wani ƙaramin bawan ilimi a ciki. Dakta, daure ki karanta mana shafi na ɗari biyu da sha biyu. Kada ki rage komai don jin kunyata."

Dakta Tighe ta yi tsuru-tsuru. "Ranka ya daɗe, ka tabbata?"

"Ko wasali kada ki tsallake."

"To, maganar ba tawa ba ce, ta Mista Denzil Prouse ce, ga shi can zaune. Shi ya fi cancanta ya karanta."

Wani tsoho ya miƙe daga layin baya, yana dogara sanda. Kowa ya san Denzil, shi ke gyaran kekuna a bayan kasuwar kifi. Ya karɓi littafin, ya sa tabarau, ya fara a hankali. Mista Hallowby ya lumshe ido, ya ɗora hannu a ƙirji.

"Ina da shekara ashirin da biyu, ban san ko akwai irina a duniya ba. Aka ce mini akwai littattafai. Na je laburare. A kan kanta babu littafin da nake nema, sai guntun katako da sunansa a jiki. Dole ka ɗauki katakon ka kai teburin Mista Hallowby, don littattafan suna kulle a kabad, makullin yana aljihunsa. Na kai masa. Mutumin da ke hana kowa tari, ranar ya ɗaga katakon sama, ya karanta sunan littafin da muryar da ta kai tashar bas. Ya ce, 'Saurayi, wane nazari kake yi da wannan?' Ya rubuta sunana da wurin aikina. Matar maigidana na wurin aiki tana layi a bayana. Ranar Litinin aka ce kada in dawo aiki. Littafin kuwa bai ba ni ba, ya ce sai na kawo takardar likita."

Denzil ya rufe littafin. Zauren ya yi tsit, karo na farko ba tare da an ɗaga yatsa ba. Abin da ciwo, wallahi. Wata mata a gaba tana share ido, ita ba ta gwada nata a madubi ba.

Kana tsammani Fitilar Wrexcombe za ta mutu? Haba! Mista Hallowby ya buɗe ido, ya yi gyaran murya.

"Kun ji da kunnenku. Na adana su! A zamanin da wasu ke zubar da irin waɗannan littattafai, ni na ba su kabad na katakon kirki, da makulli. Ba don ni ba, da yanzu babu ko ɗaya."

"Wannan gaskiya ne, Mista Hallowby," in ji Denzil. "Dakta ta kai ni na gan su a ɗakin ajiya. Sababbi ƙal. Ko shafi ɗaya ba a taɓa buɗewa ba."

Mawaƙin barkwanci ne ya fara fashewa, har shayi ya sarƙe shi. Sauran suka bi. Yatsa ya tashi, ya yi ta kaɗawa a iska, ba wanda ya kula. Maud ta miƙa hannu ta ƙara yankan kek.

Da majalisa ta zauna, ba a yi minti goma ba. Kowa ya riga ya karanta shafin, albarkacin jan zare. Aka sa wa ɗakin sunan Denzil Prouse, da manyan haruffa, daidai wurin da aka auna da lema.

Amma kada a ce Wrexcombe ba ta san girman manya ba. An hauro da tsohon kabad ɗin daga ɗakin ajiya, aka kafa shi a kusurwa, ƙofarsa a wangale, littattafan a kan kanta inda kowa zai ɗauka. A jikinsa aka manna ɗan farantin tagulla: Kabad ɗin Mista Crispin Hallowby, wanda ya hana karatu a nan shekara talatin da takwas.

Ya zo ya gani. Ya tsaya ya karanta daga farko har ƙarshe, fuskarsa ta yi jawur. Washegari wasiƙarsa ta isa majalisa, shafi shida, cike da ɓacin rai.

Farantin, in ji shi, ya yi ƙanƙanta.