Sandar da Na Saya wa Inna

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka Inna bakin ruwa a Wara ba.

Lokacin muna jihar Sakkwato ne, ban daɗe da gama makarantar koyon aikin jinya ba, kaina cike da labarin tsofaffin da suka faɗi suka karya ƙugu, ba su sake tashi ba. Inna kuwa, mahaifiyata, bandar kifi take yi tun kafin a haife ni. Kullum da safe sai ta taka zuwa gaɓa, ta shiga jirgin masunta ta zaɓi kifinta, ta ɗauko a ka. Wata rana santsi ya kwashe ta, ta kurje gwiwa. Kurjewa fa kawai! Amma ni hankalina ya tashi. Na hana ta zuwa gaɓa, na hana ta daka, na sayo mata sanda mai lanƙwasa (har da yi mata bayanin yadda ake riƙewa, Allah Ya yafe mini).

Ba a yi wata biyu ba Inna ta koma wata iri. Abinci sai ta tsakura, hira ta ɗauke. Ran nan na ga ta ɗago daga sujada ta kasa miƙewa, sai da ta dafa bango. Na kai kukana wurin wata tsohuwar nas da muke aiki tare, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kika kashe mata ƙafa. Tsohon da aka zaunar shi ya fi saurin faɗuwa. Ki sake ta ta yi tafiyarta tun ba ta zama ta zaune ba."

Ranar kasuwa na sake ta, amma na ce sai da ni. Na fito da fararen kayan aikina da takalmi mai tsini, ina riƙe da hannunta, ita kuma sandar na ɗaya hannun. Da muka isa, gaɓa cike da masunta da mata 'yan banda. Inna ta tuɓe silifa, ni kuma na ɗaga murya don kowa ya ƙaru: "Inna, tsaya ki ga yadda ake shiga lafiya."

Na ɗora ƙafa ɗaya a bakin jirgin. Jirgi ya yi gaba, ɗaya ƙafar ta maƙale a laka. Na yi ta buɗewa, ina salati, har na ji ni tsundum! Ruwan iya gwiwa ne, amma na yi ihu kamar tsakiyar Kainji na faɗa.

Da na ɗago, Inna har ta haye, tana tsaye cikin jirgin, ƙafafunta na ɗan rawa amma ta kafa su. Ta maƙalo hammatata da lanƙwasar sandar ta jawo ni. Gaɓa ta ɗauki shewa.

"Amshi abarki, ɗiyata," in ji ta. "Da ke ta hi dacewa."

Da sandar na ɗingisa zuwa gida, takalmi ɗaya a hannu, Inna a gaba da kwanon kifi a ka. Kafin wata ya ƙare ta daina dafa bango. Ni kuwa tun daga ranar, in na ga tsohuwa na tafiyarta, gaishe ta nake yi in kula da tawa ƙafar.