Gasasshen Dankali da Tuwon Katanga

Akwai wani yammaci da har gobe na kasa mantawa da shi, duk da na yi iya ƙoƙarina. Lokacin ina amarya a Tudun Wada nan Gombe, shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, kowa na sayen rediyo da babur, nama kuwa ya yi tsadar da sai dai ka gaisa da mahauci ka wuce. Maigidana malamin firamare ne, ni kuma ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai mata ba, kaina cike da girke-girken da wata Baturiya ta koya mana. (A ganina a lokacin, duk matar da ba ta san cokali mai yatsu ba tana buƙatar taimakona.)

Abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne gasasshen dankalin Turawa mai cushe. Ba wahala, ba kashe kuɗi. In sami manya-manyan na Jos, in wanke, in sossoke su, in jera cikin tukunyar ƙarfe da na shimfiɗa wa yashi, in rufe, in zuba garwashi a kan murfin. Idan sun nuna sai in tsaga cikinsu, in sa man shanu, in cusa kifin gwangwani da na soya da albasa da attaruhu, in yayyanka dafaffen ƙwai a kai. Duk sanda wata ya yi nisa shi ne abincin darenmu, kuma Malam bai taɓa ƙorafi ba. (Daga baya na gane ango ne kawai, ba ya son rigima.)

Kwatsam sai ga Gwaggo Hajara, yayar mahaifinsa, ta sauka daga Katsina. Ita ce wadda tun kafin biki ta ce 'yar boko ba ta san yadda ake riƙe muciya ba. Malam ya ja ni gefe.

"Don Allah ki tuƙa mata tuwo, ko da miyar kuka ce."

Na ce, "Malam, bar ni da ita. Yau za ta ga abin da ake koyarwa a makaranta."

Na gasa, na cusa, na jera a farantin tangaran da ba a taɓa ci a cikinsa ba, na durƙusa na ajiye a gabanta. Gwaggo ta jujjuya farantin ta ce, "Wannan fa? Dankali ne ya haɗiye kifi?" Ta ture cokalin gefe, ta yi bismilla, ta sa hannu. Ta cinye tas, har da ɓawon. Ni kuwa ina gefe ina ta kumbura, ina hararar Malam irin ta ka gani ko.

Sai ta lashe yatsu ta ce, "Kai, amarya, Allah ya yi miki albarka. Wannan taɓa-ka-lashe naku na 'yan boko akwai daɗi. To, tashi ki duba tuwon, kada ya kama."

Na dubi Malam. Malam ya ɗaga kai yana kallon rufin ɗaki kamar yau ya fara ganinsa. Bakina kuma, ba tare da ya yi shawara da ni ba, ya ce, "Yanzu zan kwashe, Gwaggo."

Na fito tsakar gida. Wuta ta mutu, garin tuwo ko na magani babu. Sai na ji ƙamshin miya daga gidan maƙwabciyata Maman Ngozi, 'yar Ibo, matar wani makanike. Na kife turmi jikin katanga na hau.

"Maman Ngozi! Rufa mini asiri, me kika dafa?"

"Teba da agushi. Lafiya, amarya? Suruka ta zo ne?"

"Wadda ta fi suruka!"

Ta kwashe da dariya ta ce, "To, yau Baban Ngozi burodi zai ci." Ta miƙo kwanon teba na karɓa, ta miƙo na miya. Ina tsaye kan turmi, kwano a kowane hannu, ɗankwalina ya zame, sai na ji ƙarar buta a bayana. Gwaggo ce ta fito alwalar magariba.

Ta tsaya ta kalle ni tun daga turmin har sama, ta ce, "Ikon Allah. A Gombe ta kan katanga tuwo ke saukowa?"

Sai Maman Ngozi ta leƙo da fara'arta: "Sannu da zuwa, Mama! A ci lafiya, akwai ƙari!"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ni da turmin da kwanukan duk mun shige. Gwaggo dai ta ce, "Sauko a hankali, kada ki zubar mini da miya." Ta yi salla, ta cinye tebar, washegari ta zaunar da ni gaban murhu ta danƙa mini muciya. Ba ta yi mini faɗa ba, amma labarin ya zagaye dangi kaf. Na yi shekaru duk bikin da na je Katsina sai na ji ana raɗa, "Ga amaryar katanga nan."

Har yanzu ina gasa dankalina, jikokina ma rububinsa suke yi. Amma na koyi cewa kafin ki nuna wa baƙuwa iyawarki, ki fara ɗora ruwan tuwo. In kuwa kin ƙi ji, to ki tabbata maƙwabciyarki mutuniyar kirki ce, kuma baƙuwar ta riga ta yi alwala.